Hoton Bayan Shan Aidin: Ba Kowane Baƙin Tabo Ne Daji Ba

Laccar da aka gabatar a unguwar Gamboru, Maiduguri

  Ranka ya daɗe Lawan, Bulamominmu, malamai, iyayenmu mata, 'yan uwana ma'aikatan lafiya, da 'yan kasuwar Gamboru da suka bar rumfuna suka zo, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan dajin tayirod, wato 'yar tsokar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Na ga fagen da faɗi, sai na zaɓi lungu guda: hoton da ake ɗaukar majiyyaci bayan an ba shi aidin mai tururin nukiliya, da abubuwan da kan fito a hoton ba zato ba tsammani. Wani zai ce ai wannan zancen likitoci ne, me ya kawo shi Gamboru? Abin da ya kawo shi shi ne, na'ura tana hannun likita, amma rabin abin da ake buƙata kafin a fassara hoton yana bakin majiyyaci da mai jinyarsa. In ba su san da haka ba sai su yi shiru, likita kuma ya yi ta canke.

Bari mu fara da yadda maganin yake aiki. Tayirod da aidin take sarrafa sinadarin da ke tafiyar da zafin jiki, bugun zuciya da kuzari. Don haka duk aidin ɗin da ya shiga jini sai ta janyo shi ta tara. Ƙarancinsa ne ya sa maƙoƙo ya yi yawa a da, har Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993. Mafi yawan dajin tayirod, iri biyun da likitoci ke kira fafilari da folikula, ba sa barin wannan ɗabi'a ta uwarsu gaba ɗaya. Ko sun bar wuya sun sauka a huhu ko a ƙashi, suna nan suna janyo aidin. Da wannan kwaɗayin ake kama su. Bayan likitan tiyata ya cire tayirod, sai a ba majiyyaci wani aidin da ake kira aidin 131, ƙwaya ɗaya ko ɗan ruwa. Yana fitar da tururi iri biyu. Na farko ba ya wuce milimita biyu a cikin tsoka, shi ke ƙone ƙwayar da ta haɗiye shi. Na biyu yana ratsa jiki ya fito waje, shi kyamara ke gani.

Abin ba sabo ba ne. Glenn Seaborg da John Livingood ne suka gano aidin 131 a Kalifoniya a 1938. A 1941 likita Saul Hertz ya fara ba mai fama da tayirod mai wuce gona da iri aidin mai tururi a Boston, a 1946 kuma Samuel Seidlin ya wallafa labarin majiyyacin da dajinsa ya bazu, aidin ya lafar da shi. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen likitancin nukiliya a 2006 da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, akwai kuma sashe irinsa a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Daga waje ake shigo da maganin. 'Yar tukunyar nukiliyar da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004 ta bincike ce, ba ta yin sa. Kuma ba ya ajiyuwa: duk kwana 8 rabin ƙarfinsa ke tafiya, a kwana 16 saura rubu'i. Shi ya sa in an sa maka rana, ranar ce. Mutumin Maiduguri zai yi tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa Abuja, ko fiye da 1,000 zuwa Ibadan, mai hali ya tafi Masar ko Indiya. Ku riƙe wannan, domin likitan da zai duba hoton ba lalle ne ya san yadda muke rayuwa a nan ba.

Kwana 3 zuwa 10 bayan shan maganin ake ɗaukar hoton. Majiyyaci zai kwanta a wani siririn gado, faifan kyamara biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su bi jikinsa a hankali daga kai zuwa ƙafa. Abin da ke fitowa ba ya kama da hoton ƙashi da kuka saba gani. Inuwar mutum ce guda biyu, gaba da baya, dishi-dishi, ba haƙarƙari, ba ƙashin baya, ba a ma cika gane inda ƙirji ya ƙare ciki ya fara ba. A kan inuwar sai baƙaƙen tabo nan da can. Abu ɗaya kawai tabon yake faɗa: akwai aidin a daidai nan. Bai ce daji ba ne. Bai ce a cikin jiki yake ko a kan fata ba, bai ce ma a jikin yake ko a jikin riga ba.

Akwai wuraren da dole su yi baƙi ko a jikin mai lafiya ƙalau. A 1996 Nancy Carrasco da abokan aikinta a New York suka fayyace ƙofar da aidin ke bi ya shiga ƙwayar tayirod, kuma an tabbatar akwai irin ƙofar a maɓuɓɓugar yawu, can gefen kumatu inda hangum kan kumbura, da bangon tumbi, da nonon mai shayarwa. Hanci da baki su ma sukan yi duhu. Mafitsara kuwa ba a magana, don ta fitsari mafi yawan aidin ke fita a kwana biyun farko. Hanji yakan yi layi, musamman ga wanda aka dakatar masa da ƙwayar tayiroksin, mai maye gurbin sinadarin tayirod, na makonni kafin magani, domin rashinta na kawo taurin bayan gida. Hanta takan yi duhu bai ɗaya. A wuya kuma kusan kullum akwai ɗan saura, don da wuya wuƙar tiyata ta kwashe komai, wani lokaci ma saboda ƙarfinsa sai ya fito da tsinkaye kamar tauraro ya rufe abin da ke kusa da shi. Duk wannan likita ya san da shi, ba ya ɗaga masa hankali.

Inda ake shiga uku shi ne tabon da ya fito a wurin da ba a sa rai ba. Kuma abin da ya fi kawo shi ba wata cuta ba ce: yawu ne, da majina, da gumi, da fitsari, da hawaye. A kwanakin nan duk ruwan da ya fita daga jikin majiyyaci yana ɗauke da aidin, kuma kyamarar ba ta raina ɗigo.

A ce wani dattijo ne, mura na damunsa saboda sanyin ɗakin asibiti. Ya fyace hanci a hankici, ya ninke shi, ya sa a aljihun gaba na rigarsa, ya hau gadon hoto da rigar. Abin da zai fito shi ne baƙin tabo a ƙirjin hagu, daidai kan huhu. Wannan sananne ne a littattafan likitanci, har suna aka yi masa. An kuma rubuta labarin masu taunar taba da cingam, da masu lasar yatsa su gyara gashi, sai tabo ya fito a ka kamar daji ya kama ƙoƙon kai. Waɗanda suka rubuta waɗannan sun rubuta abin da suka gani ne a ƙasashensu. Mu sai mu duba namu. Asuwakin da aka tauna aka soke a aljihu ko a bayan kunne. Ɓarin goron da aka gutsira aka mayar cikin takarda. Hular zanna da ta sha gumi kwana huɗu. Kitson da ba a wanke ba tun ranar da aka sha magani, ga zafin garin nan, ga ɗankwali a kai dare da rana. Gefen lafayar da aka share hawaye da shi. Carbin da ke cikin tafin hannu mai gumi, daga nan a rataya shi a wuya. Ɗan kasuwar da ya saba lasar yatsa kafin ya ƙirga kuɗi. Ruwan kurkure baki na alwala da ya fantsama a ƙirji ko a kan ƙafa.

Sai wanda na fi so malamanmu su ji. Mara lafiya yakan yi addu'a ya tofa a tafin hannu ya shafe fuska da ƙirji da inda ke masa ciwo, kuma a irin wannan hali ya fi yawaita yi. Ban ce kowa ya bar addu'arsa ba, Allah Ya kiyaye. Cewa na yi yawun nan zai bar alama a duk inda hannu ya bi, kuma likitan da ke Ibadan ko Alƙahira ko Delhi ba lalle ne ya yi tunanin tambaya ba. Maganin abin mai sauƙi ne. Ranar hoto a yi wanka da sabulu sosai, a wanke kai, a sa tufafi wankakku da ba a taɓa sawa ba tun shan magani, a zazzage aljihu, a sha ruwa, a yi fitsari dab da hawa gado. In duk da haka tabo ya fito, a faɗa wa likita abin da aka yi da hannu da baki a kwanakin. Ba abin kunya a ciki. Likitan kirki zai sa a sake wankewa, a canza riga, ya ƙara ɗauka. Tabon da sabulu ya tafi da shi ba daji ba ne.

Yanzu ga iyayenmu mata, don cutar nan ta fi kama mata, kusan ninki uku, kuma da yawansu suna cikin shekarun haihuwa. Nonon mai shayarwa yana jan aidin da ƙarfi, kuma ba ya dainawa ranar da aka yaye yaro. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Mu kuwa mukan shayar har kusan shekara biyu, ga macen da ta yi yaye tuntuni amma in ta matsa ruwa na fitowa. A hoto nono yana kwance ne a kan huhu, don haka duhunsa na iya kama da daji ya bazu a huhun biyu. In yaron ya fi son ɓangare ɗaya, sai duhun ya fito a gefe guda, ya ƙara rikita mai dubawa. Ban da ruɗin hoto, akwai illa ta gaske: nonon da kansa yana shan tururin da ba a nufe shi da shi ba, jaririn da ya sha kuma tasa tayirod ɗin na iya lalacewa. Ƙa'ida ita ce a yaye aƙalla mako 6 kafin magani, wasu likitocin sukan ce wata 3, kuma ba a komawa shayar da wannan yaron. Wanda za a haifa nan gaba za a shayar da shi lafiya lau. Mai ciki ba a ba ta maganin sam, kuma ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa shekara. Ina roƙon mazaje da surukai: ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a ɓoye maganar shayarwa don gudun a ɗaga rana bayan an riga an biya kuɗin mota. A faɗa tun a Maiduguri, tun ranar da likitan tiyata ya ambaci aidin. Haka mai jinin al'ada ta faɗa, don shi ma yakan sa duhu a ƙasan mara.

Daga nan sai huhu. Duk inda kumburi yake, ko majina ta taru ta kwanta, aidin na iya maƙalewa a wurin. Tsohon tabon tarin tibi, hanyoyin iska da suka buɗe suka zama ma'ajiyar majina, ƙwayar naman gwari da ta samu kogo a huhu ta zauna, duk an ga sun ja aidin. A ƙasar da tibi ya yi yawa kamar tamu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya taɓa shan maganin tibi na wata 6, ko shekara ashirin ke nan, ya faɗa, in yana da tsohon hoton ƙirji ya tafi da shi. Na san mutane ba sa son a san sun yi tibi. To ɓoye shi a nan na iya sa a rubuta wa mutum cewa daji ya kai huhu alhali bai kai ba. Haka ciwon kogon hanci da ƙurar hunturu ke tayarwa, da ruɓaɓɓen haƙori, da ƙurji ko ƙunar da ba ta warke ba.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Jakar ruwa a ƙoda, a hanta ko a ƙwan mace takan tara aidin. Tumbin da ya leƙo cikin ƙirji ta ƙofar hanyar abinci yakan ba da tabo a bayan zuciya. Yawun da aka haɗiya ya tsaya a hanya yakan yi layi a tsakiyar ƙirji, kofin ruwa ɗaya ya wanke shi. Ga matasa akwai wata tsoka a bayan ƙashin ƙirji, tayimus, ita ma takan ja. Tayirod kanta tun a ciki daga gindin harshe take saukowa wuya, takan bar ɓurɓushi a hanya. Akwai ma wani ƙari na ƙwan mace da naman tayirod ne zalla a cikinsa. Wani lokaci kuma hoton kan tono wata cuta dabam da ba ita ake nema ba, kamar ƙari a rufin ƙwaƙwalwa ko dajin tumbi, sai abin ya zama gobarar Titi ga majiyyaci, don an gano da wuri.

Kada wani ya fita daga nan ya ce likita ya ce duk ƙarya ce. A'a. Wani tabon gaskiya ne, kuma saboda shi ake ɗaukar hoton. Maganin da aka sha ya fi wanda ake bayarwa don gwaji ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka yakan nuna abin da hotunan baya ba su gani ba: kaluluwar wuya da daji ya shiga, ko ƙananan ɗigo a huhu da hoton ƙirji bai kama ba. A wuraren da aka daɗe da ƙarancin aidin, irin folikula ya fi yawa, shi kuwa ta jini yake bi, ya sauka a ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari ko ƙoƙon kai. Ga mu da zama da maƙoƙo shekara da shekaru, ana cewa ai ba ya ciwo, na gado ne. Saboda haka tabon ka na iya zama gumin kitso, yana kuma iya zama daji a ƙashi. Kama da wane ba wane ba ne, amma sai an bincika ake sanin wane ne.

Yaya likita ke rarrabewa? Bayan wanka da sake ɗauka, yakan ɗauka ta gefe, don a ga ko tabon a fata yake ko a ciki. In akwai na'urar da ta haɗa kyamarar da siti-sikan wuri guda, ita ce ta fi, don tana ɗora tabon a kan gaɓar da yake, a ga ƙoda ce ko hanji ko ƙashi. Sai gwajin jini na tayirogulobulin, wani sinadari da ba mai yin sa a jiki sai naman tayirod, lafiyayye ko mai daji. In hoto ya nuna huhu biyu sun yi baƙi amma sinadarin nan ya yi ƙasa ƙwarai, dole a dakata a sake tunani. Ni a ganina, duk inda hoto da jini suka saɓa, bai halatta a yi gaggawar ba da magani na biyu ba. Kuma majiyyaci na da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: likita, jinina ya yarda da hoton nan kuwa? Don maimaita aidin ba kyauta ba ne, ko a aljihu ko a jiki. Yana busar da baki har haƙora su lalace, yana toshe hanyar hawaye, in ya taru da yawa kuma akwai ɗan haɗarin dajin jini. Ga tashin hankalin gidan da aka ce wa ciwo ya bazu, a sayar da fili, a sayar da rumfa, a kan hankici.

Akwai kuma akasin haka, hoto ya fito fes alhali cutar na nan. Wani lokaci dajin ne ya daina jan aidin, sai jini ya tona shi, a nemi wani irin hoto. Amma sau da yawa jiki ne ya ƙoshi da aidin na yau da kullum, da mai tururin ya zo bai samu wuri ba. Shi ya sa ake sa majiyyaci ƙauracewa aidin mako 1 zuwa 2 kafin magani: gishiri mai aidin, dunƙulen miya da ake yi da shi, kifin teku na sanyi da na gwangwani, madara, nono da kindirmo, gwaiduwar ƙwai. Ruwan allurar da ake yi kafin siti-sikan cike yake da aidin, yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya fita, akwai aidin kuma a jan maganin da ake shafa wa rauni, da wani maganin bugun zuciya mai suna amiyodaron. Duk wanda aka yi wa ɗaya daga cikinsu ya faɗa. Amma ku ji ni da kyau: wannan ƙauracewa ta majiyyaci ce shi kaɗai, ta kwanaki ƙidayayyu. Sauran gida su ci gaba da gishirinsu mai aidin, musamman masu ciki da yara.

Saura maganar takardu. Wannan ciwo bibiyarsa ta shekaru ce, kuma hoton bana ba ya karantuwa sosai sai an ajiye shi kusa da na bara. Jakar ruwan ƙodar da aka tabbatar bara ba za ta sake tsorata kowa ba in rahoton yana hannu. Mu a nan ba sai an ba mu labarin yadda takarda ke salwanta ba. Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa bai bar kasuwar nan ba, bai bar gidajenmu ba, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Don haka a ɗauki hoton kowace takarda da waya: rahoton tiyata, sakamakon naman da aka auna, yawan aidin da aka sha da ranar da aka sha, hoton da rahotonsa, da kowane gwajin jini. A tura wa ɗan uwa a wani gari ta WhatsApp ya ajiye.

A cikin takardun akwai wadda za a roƙa kafin a baro asibiti, mai nuna an sha aidin 131 rana kaza. Na'urorin tsaro na wasu filayen jirgin sama da kan iyakoki suna jin ragowar tururin har kusan wata 3 bayan magani. Mai niyyar Umara, ko ɗan kasuwar da zai fita sarin kaya, ya sa ta cikin fasfo.

Ranka ya daɗe, a nan zan tsaya. Masu tambaya bismillah, iyayenmu mata su fara, wadda kuma ba ta son yi a bainar jama'a ta same ni bayan an tashi.